Naman da Ya Ɗauki Warin Gareji: Nazarin Abin da Injin Zarto Ya Bari a Itacen Banda

Kawuna ya fi shekara 10 yana bandar nama da kifi a bayan gidansa, cikin wata gangar ƙarfe da ya sa aka yi mata ƙofa a ƙasa da bututun hayaƙi a sama. Ba sana'arsa ba ce. Sha'awa ce ta kama shi bayan ya ajiye aiki, amma hannunsa ya faɗa har ta kai duk wanda ya ɗanɗana sau ɗaya yakan tambayi ranar da za a sake hura wuta. Ni kuwa gyaran ƙananan injuna nake yi: janareto, injin ban ruwa, injin zarto da makamantansu. Shi ya sa ranar da nama kilo 5 ya fito daga gangar nan yana warin wurin gyaran mota, ni ya fara kira.

"Ɗana, zo ka shinshina mini abin nan. Hancinka ya fi nawa sanin irin wannan warin."

Tun daga bakin ƙofa na ji shi. Naman ya yi baƙi fiye da kima, jikinsa na danƙo, kuma ƙarƙashin ƙaurin hayaƙi akwai wani wari da duk wanda ya taɓa kwanciya ƙarƙashin mota zai gane. Na gutsiri ɗan kaɗan na ɗora a harshe: ga ɗaci, ga maƙaƙi, sannan bakin ya yi kamar an shafa masa maganin kashe zafi. Na tofar.

Na rubuta wannan bayani ne saboda mun ɓata kusan mako 2 kafin mu raba laifi tsakanin masu laifin, kuma amsar da muka samu ta saɓa wa abin da ni da shi muka zata da farko.

Yadda abin ya faru

Iska ce ta kayar da wata tsohuwar bishiyar gwaiba a gefen gidan. Kaurin gindinta ya kai santimita 20, ga rassa da yawa. Itacen gwaiba yana da nauyi da tauri, hayaƙinsa kuma mai daɗi ne, don haka Kawu bai ga asara ba, ya ga itacen shekara guda ya faɗo masa. Da ma da zarton hannu da gatari yake aikinsa, amma wannan ta fi ƙarfin kafaɗarsa. Sai ya aro injin zarto mai fetur a wurin wani amininsa da ke saran itacen girki. Mai injin ya kawo shi da tankunansa a cike, ya nuna masa yadda ake tayarwa, ya tafi.

Da yamma ɗaya Kawu ya gama da bishiyar, ya yanka ta gunduwa-gunduwa, tsawon kowace kamar santimita 25. Kafin ya fara, ya shimfiɗa tamfol a ƙasa don ya tara dusar itacen. Yana da dalilinsa: shekara da shekaru yana barbaɗa dusar da zarton hannu ya zubar a kan garwashi, tana ba shi hayaƙi mai kauri nan take, bai taɓa ganin aibunta ba. Ya tattara ta a buhu. Da muka ɗora a ma'auni daga baya, muka haɗa da abin da ya riga ya ƙona, ta kai kilo 6. Itacen kuwa ya doshi kilo 200.

Bayan kwana 9 ya hura wuta. Ya yi garwashi da gawayi, ya ɗora gunduwa biyu-uku na gwaibar, ya riƙa watsa dusar lokaci-lokaci, kusan kilo 2 cikin awa 5. Ya ce ya lura dusar tana saurin kamawa da wuta fiye da yadda ya saba, harshen wutar na tashi ja da baƙin hayaƙi a bakinsa. Don ya danne ta, sai ya rufe ƙofar iska kusan gaba ɗaya. Daga nan hayaƙin ya koma fari mai kauri, yana tuƙuƙi, shi kuma ya ɗauka aiki na kyau.

Abin da ke cikin tanki

Washegari na ce a kawo mini injin. Mutane da yawa sun ɗauka mai iri ɗaya injin zarto ke sha. Iri biyu ne, a tanki biyu. Na farko fetur ne da ake gauraya shi da man inji, galibi kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 20 a kowace lita. Wannan yana ƙonewa a cikin injin ya fita ta salansa. Na biyu shi ne man sarƙa. Wani ƙaramin famfo ne ke tura shi cikin ramin da ke gefen dogon ƙarfen nan da sarƙa ke zagayawa, wanda zan riƙa kira takobi saboda siffarsa. Wannan man ba ya komawa tanki. Duk ɗigon da ya fita ya fita ke nan: sarƙar tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa, tana jan man ta cikin yankan, tana watsa saura ta bakin takobin. An ƙera injin ne yadda tankin fetur zai ƙare daidai lokacin da na man sarƙa ya kusa ƙarewa, don kada sarƙa ta yi gudu a bushe. A injin da Kawu ya aro, tankin man sarƙa yana ɗaukar mililita 200, kuma na same shi kusan wayam.

Na karkata shi a kan farar takarda. Abin da ya ɗigo baƙi ne wuluk, tsinkakke, mai warin ƙuna. Tsohon baƙin mai ne da aka juye daga mota.

Mai injin bai ɓoye ba da muka tambaye shi. Ya ce shekarunsa da yawa yana haka, man na zuwa masa a kyauta, itacen da yake sara kuma na murhu ne, tukunya a rufe take. Bai san da abinci za a haɗa ba, Kawu kuma bai san akwai abin tambaya ba. Ban ga mugunta a wurin kowa ba. Sai dai ɗabi'ar ita kanta ba ta da kyau, ko ba don banda ba. Littafin da kamfanin Stihl ke haɗawa da injunansa ya hana amfani da tsohon mai ƙarara, ya ce yawan taɓa fata da yake yi na iya jawo cutar daji ta fata, ga ɓata muhalli. Ta fuskar aikina ma, man da ya riga ya yi dubban kilomita a cikin mota ba shi da sauran yauƙin da zai manne wa sarƙa, kuma ƙurar ƙarfen da ke cikinsa tana cin famfo. Takobin injin nan ya riga ya yi shuɗi a gefe saboda zafi.

Ko da sabon man sarƙa na kanti ne, ba abin ci ba ne; man fetur ne aka tace, aka ƙara masa sinadarin da ke sa shi yauƙi. Amma tsohon baƙin mai ya fi shi muni nesa ba kusa ba. Yana ɗauke da abubuwan da aka ƙara masa tun a masana'anta, irin su zinki da fosfaras, da ƙarfen da ya goge daga jikin inji, da kunkunniya, da wasu sinadarai da ƙonewar fetur ke haifarwa waɗanda ake kira PAH a taƙaice.

Ina man ya tafi?

A nan ni da Kawu muka fara saɓani. Shi ya yanke hukunci cewa bishiyar gaba ɗaya ta lalace, a kwashe ta a kai murhu. Ni kuma na ga kamar an haɗa mai laifi da wanda ya zo wucewa.

Na ɗebo ruwa a kwano uku. A na farko na zuba dusar, hannu guda. Kafin minti ɗaya saman ruwan ya rufe da ƙyalli mai launin bakan gizo. A na biyu na jefa wani siririn faifai da na yanko da zarton hannu daga bakin gunduwa, daidai inda sarƙa ta bi. Ƙyallin ya fito, amma ɗan siriri, a gefe guda. Na uku kuwa, na faskara gunduwar da gatari na ciro tsakiyarta na jefa. Ruwa ya tsaya garau. Muka maimaita da takarda: dusar da aka danne a kai ta bar tabo mai maiƙo ruwan toka, tsakiyar itacen ba ta bar komai ba sai danshi.

Dalilin a fili yake idan mutum ya kalli yadda haƙoran sarƙa ke aiki. Kowane haƙori yana yanko ɓarɓashi ne ya ja shi waje, kuma ɓarɓashin nan shi ke gogar sarƙa mai jiƙe da mai tun daga cikin yankan har ya faɗi ƙasa. Shi ne tsumman da ke share man. Fuskar gunduwar gefen haƙori kawai take taɓawa, sannan ɗanyen itace cike yake da ruwa, mai ba ya samun hanyar kutsawa ciki sosai.

Na yi wa Kawu lissafi a bayan takardar. Mu ƙaddara rabin mililita 200 ɗin nan ya watse a iska da ƙasa da jikin injin. Cikin 100 da suka rage, mu ce 80 sun bi dusa, 20 sun tsaya a fuskokin itace. Dusa kilo 6 ke nan ta kwashi mililita 13 a kowane kilo, itace kilo 200 kuwa ya kwashi kashi 1 cikin 10 na mililita a kowane kilo. Ninki fiye da 100 ne tsakaninsu. Ko an sassauta alƙaluman an ba itacen ninki biyu na abin da na ba shi, tazarar ba ta rufewa. A ranar bandar, gunduwoyin da ya ƙona sun kai wa wutar 'yan ɗigo ne kawai. Dusa kilo 2 kuwa ta kai mata kusan cokali 2 na cin abinci na tsohon baƙin mai, a ƙarƙashin nama, cikin ganga rufaffiya, tsawon awa 5.

Kawu ya yi shiru yana kallon takardar. Can ya ce, "Wato da hannuna na zuba."

Na ce, "Kawu, ai ba ku sani ba. Dusar da kuka saba da ita ta zarton hannu ce, ita kuwa babu komai a jikinta sai itace."

Akwai kuma salansa. A yawancin injunan nan tana gaba ne, tana fuskantar itacen da ake yankawa, kuma irin wannan inji yakan fitar da wani kaso na fetur da mai ba tare da sun ƙone ba. Abin da ke sauka a kan ɓawo daga nan kaɗan ne, mai sauƙin tashi kuma yana bin iska cikin 'yan kwanaki. Ban ɗauke shi babban mai laifi ba, amma ya ƙara mini dalilin cewa a cire ɓawo.

Masu cewa wuta tana cinye komai

Wannan magana na sha jin ta, har mai injin ya maimaita ta: ai wuta ce, me zai tsira? A wutar da ke ci bal-bal a fili, da iska isasshiya, maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin yawancin man zai ƙone. Amma banda ba haka take ba. Mai banda da gangan yake hana itace ƙonewa sarai, don abin da yake nema shi ne tururin da ke fita daga itace idan zafi ya farfasa shi. Itace mai tauri kusan rabinsa seluloz ne, sauran kuma hemiseluloz da lignin. Hemiseluloz ne ke fara rushewa daga wajen digiri 200 a ma'aunin Selshiyas, seluloz ya biyo baya, lignin kuma ya fi jan lokaci, yana rushewa har zuwa wajen digiri 500. Daga lignin ake samun gwayakol da siringol, sinadaran da ke ba naman banda ɗanɗanonsa da ƙamshinsa. Wannan tururi yana tashi, ya tarar da nama mai sanyi da danshi, ya kwanta a kansa. Aikin ke nan gaba ɗaya.

To wutar da aka tsara don ta ɗauki tururi ta kai wa nama ba ta tantance wane tururi ne. Man da ke jikin dusa idan ya ji zafi babu iska, wani ya tashi yadda yake, wani ya farfashe ya zama kunkunniya, duk su bi hanya ɗaya zuwa saman ganga. Sinadaran PAH kuma masu son maiƙo ne, kitsen nama yana kama su ya riƙe. Ƙarfe kuwa da ma ba ya ƙonewa. Ko ya zauna a toka, ko ya bi ƙurar hayaƙi.

Ba ƙaramin abu ba ne a idon masu kula da lafiyar abinci. Hukumar IARC mai binciken cutar daji, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa benzopirin, ɗaya daga cikin dangin PAH, a rukuni na 1, wato abubuwan da aka tabbatar suna jawo cutar ga ɗan Adam. Tarayyar Turai ta rage iyakarsa a naman banda da kifin banda daga maikrogram 5 zuwa 2 a kowane kilo (maikrogram kashi ɗaya ne cikin miliyan na gram) tun ranar 1 ga Satumban 2014. Hukumar Codex Alimentarius, wadda hukumomin abinci da lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO da WHO, suka kafa, ta fitar da ƙa'idar rage PAH a banda a 2009, kuma cikin abubuwan da ta ce a nisanta da wutar abinci akwai tsohon mai, da tayar mota, da katakon da aka yi wa magani. Maikrogram 2 a kilo adadi ne da babu hanci ko harshen da zai gane shi. Idan har hanci ya ji warin gareji, maganar ta wuce ta lissafi.

Shi ya sa da Kawu ya kawo shawarar a fere bayan naman a ci cikinsa, na roƙe shi ya haƙura. Mun zubar da shi, ko kare ba mu ba ba. Jikokinsa biyu sun riga sun ɗanɗana a daren farko, hankalin mahaifiyarsu ya tashi. Na gaya mata gaskiyar abin da na sani: haɗarin waɗannan sinadarai na tarawa ne, na shekara da shekaru, loma ɗaya ba guba ba ce mai kayarwa nan take. Yaran lafiyarsu ƙalau. Abin tsoro shi ne da warin bai fito fili ba, da buhun nan ya ƙare a cikin abincin gidan a hankali.

Mai laifi na biyu

Na ɗauka an gama. Muka ware buhun dusa, muka faskara gunduwoyi, muka zaɓi tsakiya zalla, Kawu ya gwada da kifi biyu. Warin gareji ya tafi gaba ɗaya. Amma ɗacin da mutuwar harshen suna nan.

Ruwa ba ya tsami banza. Na aro na'urar auna danshin katako, muka soka ta a fuskar da aka faskara: ta haura kashi 40 cikin 100. Itacen da ake so a banda ya kamata ya sauko ƙasa da 20. Gwaibar nan kwana 9 kacal ta yi a ƙasa kafin a ɗora ta a wuta, kuma a gunduwa take, ba a faskara ba. Ɗanyen itace yana kashe zafin garwashi wajen ƙafar da ruwan cikinsa, wutar ta yi sanyi, ta riƙa fitar da farin hayaƙi mai nauyi, cike da kwalta. Kwaltar nan, da ake kira kiriyosot, ita ce ke danƙo a jikin nama, ita ce ke ɗaci, ita ce ke kashe harshe. Rufe ƙofar iska da Kawu ya yi don ya danne dusar ya ƙara dagula lamarin, domin hayaƙin ya rasa mafita ya tsaya yana kwanciya a kan nama.

Ashe laifi biyu ne suka haɗu a rana ɗaya, ɗaya kuma ya jawo ɗayan: man da ke cikin dusa ya sa wuta tashi, tashin wutar ya sa aka toshe iska, toshewar ta haɗu da ɗanyen itace. Da a ce injin ya zo da mai mafi tsafta a duniya, da naman ranar nan duk da haka ya yi ɗaci. Wannan ne abin da ya fi ba Kawu mamaki, kuma a ganina shi ne mutane suka fi sakaci da shi. Za ka ga mutum yana ta fargabar ɗigon man da ke bakin gunduwa, alhali wutar da yake hurawa a shaƙe take, kitse na ɗiga kan garwashi yana tayar da baƙin hayaƙi, wanda shi kansa babbar hanyar PAH ce ko babu injin zarto a labarin.

Abin da muka gyara

Itacen muka fara ceto. Gatari ya yi yawancin aikin: kowace gunduwa aka faskara ta gida huɗu ko shida, aka ɓare ɓawon, wanda a gwaiba siriri ne mai sauƙin fita. Bakunan da sarƙa ta bi, Kawu ya riƙa yanke kamar santimita 2 daga kowane gefe da zarton hannu. Na gaya masa da man kanti ne da ban matsa a kan wannan ba, amma tunda tsohon baƙin mai ne, wahalar ta cancanta. Ƙananan rassan da duk jikinsu ya sha feshin mai muka ware su daga na abinci. Sauran aka jera a kan katako, sama da ƙasa, ƙarƙashin rumfa, gefe a buɗe don iska. Buhun dusar bai shiga lambu ba, bai shiga wuta ba. Ya bi tsohon man da nake tarawa a wurin aikina zuwa wajen masu karɓarsa.

Daga baya Kawu ya sayi nasa injin, ƙarami, mai batir. Ya zo yana murna cewa ya rabu da matsalar mai. Na nuna masa murfin da ke gefe: babu fetur, babu salansa, amma tankin man sarƙa yana nan, domin duk sarƙar da ke gudu a kan takobi sai ta sha mai. Alfanun sabon inji shi ne tankinsa bai taɓa ganin man fetur ba, don haka tun ranar farko muka zuba masa man girki na kanola. Ba sabon abu ba ne. Yawancin man sarƙar da ake sayarwa da sunan mai ruɓewa a ƙasa daga irin wannan man ake yin sa. Sai dai a kula, wanda aka rubuta masa yana ruɓewa a ƙasa ba lallai ba ne ya zama na ci, domin ana ƙara masa sinadarai. Mai son man masana'anta ya nemi wanda ke da alamar H1, rukunin man da aka amince a sa a injunan sarrafa abinci.

Man girki yana da halinsa. Ya fi man sarƙa tsinkewa, ba shi da yauƙi, don haka yana saurin ƙarewa. Dole a riƙa leƙa tanki. Kafin a fara yanka, a nuna bakin takobi ga wani abu mai haske daga nesan kamar santimita 20, a ba injin wuta na ɗan lokaci: idan layin mai ya fito, famfo na aiki. Babban aibunsa kuwa shi ne idan ya daɗe a iska yana daskarewa ya zama kamar ƙaro. Wanda kuma yake son juya tsohon inji zuwa man girki, sai ya juye tankin, ya wanke shi, ya ƙwaƙule ramin takobi da bayan murfi inda dusa mai maiƙo ke taruwa, ya canza sarƙa in da hali, sannan ya ƙarar da tanki biyu a kan itacen da ba na abinci ba kafin ya taɓa na banda. Kar kuma wani ya ce zai yanka babu mai gaba ɗaya. Cikin 'yan mintoci sarƙa za ta yi zafi, ta saki, ta dakushe, ta ci takobi.

Akwai abin da ya fi ɗaga mini hankali fiye da duk maganar mai. Da na ga girman wasu gutattaki da Kawu ya yanka a ranar farko, kamar dunƙulen hannu, na tambaye shi yadda ya riƙe su. Ya ce da ƙafa ya taka. Jikina ya yi sanyi. Masu banda suna son ƙananan gutattaki, kuma nan ne injin zarto ya fi haɗari, domin guntun itace yana juyawa, yana tsalle, yana jan mutum ya kusanto da hannu ko ƙafa. Idan saman bakin takobi ya taɓa wani abu, injin yana zabura sama ya nufo fuska cikin ƙiftawar ido, kafin hannu ya iya yin komai. Birkin sarƙa an yi shi ne don wannan, amma ba ya mayar da yatsa. Na ce masa, "Kawu, don Allah ku yi mini alkawari ɗaya. Injin nan aikinsa ya raba gungume dogo-dogo, a kan abin ɗorawa, hannu biyu a kansa, tabarau a ido. Ƙanana kuma na gatari ne da zarton hannu." Tsarin nan ya zo da wata riba: yawan tsawon gunduwa, ƙarancin fuskar da sarƙa ta taɓa. Dusar barbaɗawa kuwa ya koma tara ta zarton hannu kaɗai, a gwangwani mai murfi.

Bayan wata 7 muka sake soka na'urar a gwaibar, ta nuna 17. Bakunan sun tsattsage, idan an buga biyu sai su yi ƙara garau. Kawu ya hura gawayi har ya zama garwashi, ya ɗora gutattaki biyu, ya bar ƙofar iska da bututu a buɗe, ya jira farin hayaƙin farko ya wuce har ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, sannan ya jera kaji. Ya sa faranti da ruwa a ƙarƙashinsu don kitse ya daina sauka a wuta, ya riƙe zafin ganga tsakanin digiri 110 da 120, bai sauke ba sai da ma'auni ya nuna 74 a tsakiyar cinya. Fatar ta fito ja mai ƙyalli, babu danƙo, babu ɗaci.

Mako 3 bayan haka ya sake kirana: sarƙar sabon injin ta ƙage, ta ƙi motsi. Ya bar man kanola a ciki tun yankan ƙarshe, ya daskare a ramin takobi da bakin famfo. Na kwance, na jiƙa sarƙar a ruwan zafi da sabulu, na goge ramin da siririn ƙarfe, na busar, na mayar. Yanzu duk ranar da ya gama yanka yakan juye tankin a kwalba, ya cire sarƙar ya goge ta, ya rataye ta a ƙusa kusa da gatarin.